BUTUTUN MAI DA ABINCIN BAƘO A IKKO

Wannan shi ne cikakken jawabin da aka gabatar a gaban wani taro na 'yan Arewa mazauna Ikko, wanda aka yi a Zangon Agege.



Akasarin 'yan Arewa da ke zaune a Ikko, in aka yi zancen fashewar bututun mai ko malalarsa, sai su ɗauka labari ne na masuntan Ijaw da na Ogoni can bakin teku, irin wanda ake ji a rediyo a ce Allah Ya kyauta a wuce. Alhali kuwa babban bututun da aka shimfiɗa don kai fetur yammacin ƙasar nan yana binne ne a bayan Agege, tafiyar 'yan mintoci kaɗan a mota daga Zango. Abin da wannan jawabi yake so ya tabbatar shi ne, duk ranar da bututun nan ya yi yoyo ko ya kama wuta, baƙo mai ƙaramar sana'a yana cikin waɗanda suke fara yin asara, kuma shi ne na ƙarshe da ake tunawa da shi wajen diyya. Saboda haka siyasar bututu ta shafe shi, ko ya sani ko bai sani ba.

YADDA GARI YA HAU KAN BUTUTU

Hausawa sun riga bututu zuwa Agege da shekaru masu yawa. Goro ne ya kawo fatake, jirgin ƙasa kuma ya zaunar da su, tun da hanyar dogo da ta tashi daga Ikko ta isa Ibadan a 1901, ta kuma isa Kano a 1912. Shanu suna gangarowa Kurmi, goro yana haurawa Arewa, a haka Zango ya kafu ya bunƙasa.

Shi kuwa mai, a 1956 aka same shi a Oloibiri, aka fara fitar da shi waje a 1958. An kafa Kamfanin Mai na Ƙasa, wato NNPC, a 1977, aka buɗe matatar Warri a 1978, ta Kaduna kuma a 1980, bayan ta Fatakwal wadda take aiki tun 1965. A wannan zamani ne Gwamnatin Tarayya ta shimfiɗa bututai masu tsawon kimanin kilomita 5,000 don haɗa matatu da daffo-daffo na ƙasa, har da na Kano, Gusau, Jos, Gombe da Maiduguri. Manufar ita ce mai ya riƙa tafiya ta ƙarƙashin ƙasa, a rage wa hanyoyi nauyi, kuma mutumin Maiduguri ya sayi fetur a kan farashin da mutumin Ikko yake saye.

Reshen da ya shafi Ikko shi ne wanda ma'aikata suke kira System 2B. Yana tashi daga Atlas Cove a bakin teku, inda jiragen ruwa suke sauke mai, ya bi ta Ijegun, ya ratsa Baruwa a yankin Ipaja, ya bi ta Abule Egba, ya fita Jihar Ogun ta Arepo, har ya kai babban daffon Mosimi kusa da Shagamu. Daga nan ake tura mai Ibadan, Ilorin da Ore. Sa'ad da aka binne shi, yawancin wuraren nan gonaki ne da daji. Amma Ikko gari ne mai cin ƙasa, sai gidaje da shaguna da garejin makanikai suka bi suka kewaye hanyar bututun, wasu ma suka hau kanta. Filin da doka ta ce a bar shi fayau, shi ne ya zama wurin kafa rumfa mai araha, kuma sanin kowa ne wanda ya zo ci-rani da ɗan jarinsa wuri mai araha yake nema.

ABIN DA YA RIGA YA FARU

Ran 26 ga watan Disamba 2006, ana cikin ƙarancin mai, saura 'yan kwanaki a yi Babbar Salla, ɓarayi suka huda bututun a Abule Egba cikin dare, suka cika motocinsu na dakon mai suka tafi suka bar shi yana ambaliya. Da gari ya waye mutane suka fito da bokitai da jarkoki suna ɗiba, sai wuta ta tashi. Ƙungiyar agaji ta Red Cross ta ƙidaya gawa fiye da 260, ban da wurin yankan katako da motoci da gine-ginen da suka ƙone. A cikin watan Mayu na wannan shekara ma, wajen mutum 150 sun hallaka a irin wannan gobara a wani tsibiri kusa da Atlas Cove.

Ran 15 ga watan Mayu 2008 kuma, a Ijegun, babu ɓarawo a cikin maganar. Katafila ce mai aikin hanya ta daki bututun, fetur ya bi unguwa, wuta ta bi shi har kusa da makaranta. Red Cross ta ce kimanin mutum 100 suka mutu, ko da yake hukuma ta ba da adadin da bai kai haka ba, kuma akwai 'yan makaranta a cikinsu. Wuta ta sake tashi a Abule Egba cikin Disamba 2018, ta tashi a Ijegun cikin Yuli 2019, ta kuma koma Abule Egba ran 19 ga Janairu 2020, inda aka rasa rayuka da gidaje da shaguna da manyan motoci. Bayan wata biyu, ran 15 ga Maris 2020, aka yi fashewar Abule Ado a kan hanyar bututun, mutum fiye da 20 suka mutu, makarantar 'yan mata ta Bethlehem ta rushe.

Waɗannan duka a Ikko suka faru. Mafi muni a ƙasar nan kuwa shi ne na Jesse a Jihar Delta, cikin Oktoba 1998, inda mutum fiye da 1,000 suka ƙone.

ƁARNAR DA BA TA DA HAYAƘI

Gobara tana da hayaƙi, kowa yana ganinta, 'yan jarida su zo, manya su zo jaje. Akwai wata ɓarnar da ba ta da hayaƙi, ita ce ta yoyo. Tun cikin shekarun 1990 mutanen Baruwa suka fara jawo guga daga rijiyoyinsu suna ganin fetur yana yawo a kan ruwa. Man da ya tsiyaya daga bututu ya nutse cikin ƙasa ya kwanta a kan ruwan da unguwa take sha, rijiyoyi masu yawa suka tashi daga aiki, aka shekara da shekaru ana koke.

Wanda yake son ya san iyakar wannan cuta sai ya dubi ƙasar Ogoni. A 2011 hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da rahoton bincikenta, ta ce a Nisisioken Ogale ta tarar da mutane suna shan ruwan rijiya mai ɗauke da sinadarin benzin, wanda yake haddasa ciwon daji, har ninki 900 na abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da shi. Rijiyoyin kuwa suna kusa da bututun tataccen mai ne, irin wanda ya ratsa Baruwa. Rahoton ya ce gyaran ƙasar Ogoni zai ci shekara 25 zuwa 30. Ke nan ɓarnar dare ɗaya tana iya cin ƙuruciyar yaro har ya yi furfura.

To, a duba sana'o'in 'yan Arewa a Ikko a ga nawa ne ba su dogara da ruwa ba. Mai ga-ruwa jarinsa kura ce da jarkoki da amincin rijiyar burtsatsen da yake saye. Ranar da ruwan ya fara warin fetur, matan unguwa ba za su zargi bututun da ba su gani ba, wanda ya kawo ruwan za su kama. Mai shayi da mai wanki da mai abinci haka. Masu lambu da suke noman alayyafo da latas a fadamun bayan gari, in mai ya shiga ƙasarsu, shukar ta mutu, filin kuma ya mutu. Mayankar Oko-Oba, inda dubban mahauta da 'yan dako da dillalan shanu suke cin abinci, ba ta yini ɗaya ba tare da ruwa mai yawa ba, kuma ba ta da nisa da Abule Egba. Nan Abule Egba ɗin ne kuma kasuwar gwanjo ta Katangowa ta yi suna, kayan da tartsatsi ɗaya ya ishe su.

IN BUTUTU YA TSAYA, HANYA TA CIKA

Akwai asara ta uku, wadda take kai wa har gida Arewa. Duk lokacin da aka fasa bututu, sai a rufe shi. A 2012, bayan wuta ta tashi a Arepo, 'yan fasa bututu suka kashe ma'aikatan NNPC da aka tura gyara, aka dakatar da tura mai, layukan motoci suka cika gidajen man Ikko. In daffo ya bushe, kuɗin mota ya hau. Tirelar tumatir da ta taso daga Kano ko Katsina za ta iso kasuwar Mile 12 da tsada, in kuma ta kwana a hanya neman mai, kayan gwari ba sa jira. Shanun da aka loda a Maigatari ko Potiskum ko Illela su rame a mota, dillali ya karya farashi, mai dabba ya koma gida da guntun kuɗi.

Haka ya faru ga matatar Kaduna, wadda take jiran ɗanyen mai ta bututu mai tsawon kimanin kilomita 600 daga Escravos ta Warri. Da 'yan bindiga suka fasa shi a rafin Chanomi a 2006, matatun Warri da Kaduna sun yi kusan shekara biyu ba su sami ɗanyen mai ta wannan hanya ba. Sannu a hankali aikin da aka yi bututu dominsa ya koma kan motocin dakon mai, waɗanda da yawa daga direbobinsu da yaran motarsu 'yan Arewa ne. Abin da ya biyo baya kowa ya sani. Tankar mai ta ƙone a gadar Otedola ta Ikko ran 28 ga Yuni 2018 tare da motoci fiye da 50. Wata ta faɗi a Majiya ta Jihar Jigawa ran 15 ga Oktoba 2024, mutane suka taru ɗibar fetur, fiye da 150 suka mutu. Wata kuma ta faɗi a mararrabar Dikko ta Jihar Neja ran 18 ga Janairu 2025, fiye da 80 suka mutu. Wutar Abule Egba da wutar Majiya uwarsu ɗaya, abin da ya ci Doma bai bar Awai ba.

INDA SIYASA TA SHIGO

Jama'a za su tambaya, in ɓarnar ta kai haka, wa yake biya? A nan siyasar take. Dokar Bututun Mai ta 1956 ta ce mai bututu zai biya diyya ga wanda ya yi asara saboda fashewa ko yoyo, amma ta cire asarar da mutum ya jawo wa kansa, da wadda ta faru saboda mugun aikin wani mutum dabam. Saboda haka bayan kowace malala, babbar gardama ita ce, tsatsa ce ta ci ƙarfe ko kuwa hannu ne ya huda shi? In tsatsa ce, kamfani ya biya. In ɓarawo ne, kamfani ya ce ba ruwansa. Shi ya sa kamfani kullum bakinsa yana kan ɓarayi, mutanen gari kuma bakinsu yana kan tsufan bututu. Gaskiya ita ce duka biyun suna faruwa, sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. A 2006 aka kafa hukumar NOSDRA don binciken malalar mai, kuma takardar da ake sa wa hannu a wurin binciken ita take yanke wa talaka hukunci, ko yana wurin ko ba ya nan.

Ba rashin doka mai tsanani ne ya kawo wannan hali ba. Tun 1975 aka yi dokar hana zagon ƙasa ga rarraba mai, wadda ta tanadi hukuncin kisa ko ɗaurin da ya kai shekara 21. Amma wanda ya zo da tanka cikin dare, da injin huda ƙarfe, da sanin sa'ar da ake tura mai, ba mai bokiti ba ne. Mai tanka ya kwashe riba ya tafi, mai bokiti ya zo kalen abin da ya rage ya tarar da ajali.

Da aka zo yin sabuwar Dokar Masana'antar Mai ta 2021, an yi ta ja-in-ja a majalisa tsakanin wakilan sassan ƙasa. Mutanen yankin mai sun nemi kashi 10 cikin 100, aka tsaya a kan cewa kamfanonin haƙar mai su ware kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanar da aikinsu na shekara ga asusun al'ummomin da suke aiki a ƙasarsu, da sharaɗin in an yi ɓarna a yankin al'umma za a cire kuɗin gyara daga rabonta. Dokar ta kuma ware kashi 30 cikin 100 na wata ribar NNPC don neman mai a sababbin wurare, akasarinsu a Arewa, abin da ya ɓata wa 'yan Kudu rai. A 2022 kuma aka ba kamfanin Government Ekpemupolo, wanda aka fi sani da Tompolo, tsohon shugaban 'yan bindigar Neja Delta, kwangilar gadin bututu, aka yi ta cece-kuce a kai.

A duk wannan rabo, da na jihohi, da na al'ummomi, da na 'yan kwangila, ba a ambaci ɗan haya ba. In an zo ƙidayar asara bayan gobara, mai gida yana da takardar fili, mai babban shago yana da rasit, wataƙila har da inshora. Mai tebur da mai kura da mai rumfar buhu ba su da komai a rubuce, wani ma ko sunansa na yanka maƙwabta ba su sani ba, Aboki kawai ake kiransa. In ya mutu, ba ya cikin lissafi. In ya tsira, ya nemi kuɗin mota ya koma gida, a ce baƙo raɓa ne. Ko masuntan Bodo a ƙasar Ogoni, waɗanda suke kan ƙasar kakanninsu, man da ya malala musu a 2008 sai a 2015 kamfanin Shell ya yarda ya biya su fam miliyan 55, bayan shari'a a London, kuma sun samu ne don sun haɗa kai sun kawo sunayen mutum fiye da 15,000 a rubuce.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Na farko, kada ɗan Arewa ya kama rumfa ko wurin kwana a kan hanyar bututu, kome arahar wurin. Akwai alamun da aka kakkafa, kuma unguwar da ake kira Pipeline ba a banza ta sami sunan ba. Ko ana tura mai a ranar ko ba a turawa, ƙarfen yana nan binne, kuma buɗe matatar Ɗangote a Lekki, wadda ta fara fitar da fetur a 2024, bai tono shi ba.

Na biyu, wanda ya ji warin fetur ya game unguwa, ya sani tururin fetur ya fi iska nauyi, yana kwanciya ƙasa ya bi lambatu ya yi nisa. Mai shayi da mai tsire su kashe wuta nan take, kada a ta da babur ko janareto, kada a kunna taba, a kwashe yara a nufi inda iska take fitowa, sa'an nan a buga lambar gaggawa ta Jihar Ikko, 767 ko 112. Kada kowa ya ɗauki jarka. Malamai su faɗa a masallatai cewa man da ya zube dukiyar jama'a ce ba ganima ba, kuma kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Haka kuma sayen man sata don sayarwa a bakin titi ciyar da mai tankar dare ne.

Na uku, kowace ƙungiyar sana'a, ta masu ga-ruwa, ta mahauta, ta masu lambu, ta 'yan gwanjo, ta buɗe littafi mai ɗauke da sunan kowane ɗanta, da garinsu, da wurin sana'arsa, da kimar jarinsa. A riƙa karɓar rasit na haya da na harajin kasuwa ana adanawa. Ba a fafe gora ranar tafiya, littafin da ba a rubuta kafin gobara ba, ba wanda zai yarda da shi bayanta.

Na huɗu, sarakunan Hausawa su zauna da Baale-Baale da ƙungiyoyin masu gidaje na unguwannin da bututu ya ratsa. Bayarabe mai rijiya a Baruwa da Bahaushe mai tura kura ruwa ɗaya suke ci, kuma takardar koke mai ɗauke da hannun su biyu ta fi nauyi a gaban hukuma. In za a yi binciken malala, a nemi a sa wakilin 'yan kasuwa a ciki. Wannan zama yana da wani amfanin, domin inda aka saba zama tare, ba a saurin ɗora wa baƙo laifi ranar tashin hankali.

Na biyar, wanda yake da katin zaɓe na Ikko yana da bakin magana. Duk ɗan takarar da ya zo Zango neman ƙuri'a, ko na wace jam'iyya ne, a tambaye shi abin da zai yi game da gine-ginen da ke kan hanyar bututu, da gwajin ruwan rijiyoyi, da sanya 'yan haya cikin masu karɓar diyya.

DARASIN DA ZA A KAI GIDA

A ƙarshe, wannan ilmi ba na zaman Ikko kaɗai ba ne, domin bututu ya kama hanyar Arewa. A 2020 aka fara shimfiɗa bututun iskar gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano. A watan Nuwamba 2022 aka ƙaddamar da aikin haƙar mai a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe. A Jamhuriyar Nijar kuma, bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin ya fara aiki a 2024, kuma a shekarar ce rikicin gwamnatocin biyu ya tsayar da lodi na wani lokaci, 'yan tawaye kuma suka fasa shi cikin watan Yuni. Gonakin gero da burtalin shanu da rijiyoyin ƙauye su ne za su zauna a kan waɗannan bututai.

Mutanen da suka ga Abule Egba da idonsu su ne ya kamata su gaya wa dagatai da masu unguwanni na gida abin da za su tambaya tun kafin a haƙa rami: ina iyakar filin bututu, wa zai duba shi, wa za a kira in ya yi yoyo, kuma wa zai biya manomi da makiyayi. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah Ya ji ƙan waɗanda suka rasu, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri, Ya tsare kasuwa da masu cinta, Ya kuma zaunar da ƙasa lafiya.